Kwangilar Fentin Masana'antu: Abin da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Rubuta Kafin Ya Sa Hannu

LEGAS — Duk wanda ya bi hanyar Apapa zuwa tashar Tin Can, ko ya zaga Ijora da Kirikiri, ba zai rasa ganin manyan tankunan mai da rumbunan ajiya na ƙarfe ba, waɗanda fentinsu ya kumbura ya ɓare, jar tsatsa tana kwaranya a jikinsu kamar an zuba musu manja. Mai wucewa zai ɗauka rashin kula ne ya kai su ga haka. A wasu wuraren kuwa ba haka ba ne, domin mai wurin ya ba da kwangila, ya biya kuɗi, an kuma miƙa masa aiki yana ƙyalli, amma kafin damina biyu ta wuce sai ga tsatsa ta ɓullo daga ƙarƙashin fentin. Idan ya nemi ɗan kwangilar, sai a buɗe takardar da suka sa wa hannu, a tarar ba ta ce komai ba illa a yi wa tankin fenti shafi uku da launi kaza, a kan Naira miliyan kaza. Ɗan kwangilar kuwa ya yi shafi ukun, launin ma shi ne, saboda haka ba a kama shi da laifin komai ba.

Wannan asara ba ta Nijeriya kaɗai ba ce. Wani bincike da ƙungiyar masana tsatsa ta NACE International ta fitar a shekarar 2016 ya ƙiyasta cewa tsatsa tana jawo wa duniya asarar kimanin Dalar Amurka tiriliyan 2.5 a shekara, wato kusan kashi 3.4 cikin 100 na dukkan abin da duniya ke samarwa, ya kuma nuna cewa ana iya kauce wa kashi 15 zuwa 35 cikin 100 na wannan asara da hanyoyin da aka riga aka sani. Fenti shi ne kan gaba a cikin waɗannan hanyoyi. To amma abin da ɗan kasuwa ke saye idan ya ba da irin wannan kwangila shi ne shekarun da ƙarfensa zai yi bai ruɓe ba, kuma abubuwan da ke yanke yawan shekarun nan duka suna ɓuya ne a ƙarƙashin shafin ƙarshe, inda ido ba ya gani. Saboda haka dole ne a rubuta su da alƙaluma a cikin yarjejeniya, a auna su tun aikin yana gudana, a kuma ɗaure biyan kuɗi da wannan awo.

Iskar Legas da iskar Kano

Da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu da ke da sito ko daffo a Legas, Fatakwal, Warri ko Kalaba, a Arewa suka fara harkar. Wanda ya yi wa ƙarafan masana'antarsa fenti a Sharaɗa ko Bompai, ya ga sun yi shekaru suna nan lafiya, zai iya zaton fentin nan da mai fentin nan za su wadatar a Apapa. Bambancin kuwa yana da yawa. Ƙarfe yana tsatsa ne idan ruwa da iska suka haɗu a jikinsa, gishiri kuma yana ƙara wa abin sauri. A bakin teku, iska tana ɗauke da gishiri, laima kuma ba ta yankewa, ga hayaƙin masana'antu da na manyan motoci.

Hukumar tsara ma'auni ta duniya ta raba wurare mataki-mataki a cikin ƙa'idarta mai lamba ISO 12944, daga C1, wato cikin ɗaki busasshe, zuwa C5, wato bakin teku mai gishiri ko unguwar masana'antu mai laima, sa'an nan CX na cikin teku kamar rijiyoyin mai. A matakin C3, ƙarfen da ba a rufe ba yakan rasa maikiron 25 zuwa 50 na kaurinsa a shekarar farko. A matakin C5 kuwa yakan rasa maikiron 80 zuwa 200. Maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kuma silin gashin mutum yakan kai kimanin maikiron 70. Abu na farko ke nan da za a rubuta a yarjejeniya, wato matakin da wurin ya faɗa a ciki, kuma injiniya ko wakilin kamfanin da ke yin fentin ne ya kamata ya yanke wannan bayan ya ziyarci wurin.

Ƙa'idar ta kuma raba ƙarkon da ake sa rai gida huɗu: ƙasa da shekara 7, shekara 7 zuwa 15, shekara 15 zuwa 25, da abin da ya haura 25. Mai wurin ne zai zaɓi wanda yake so gwargwadon aljihunsa da kuma tsawon zamansa a wurin, domin wanda ya karɓi hayar sito ta shekara biyar ba ya bukatar tsarin shekara 25. Sai dai a lura, wannan ƙarko ƙiyasi ne na masana game da lokacin da za a bukaci babban gyara na farko, ba alkawarin ɗan kwangila ba ne. Garanti magana ce dabam, kuma za mu zo gare ta.

Araha ba ta ado

A ɗauki misali, don lissafi kawai. 'Yan kwangila biyu sun kawo farashi a kan rumbun ajiya guda. Na farko ya ce Naira miliyan 30, zai goge tsatsar da buroshin waya ya shafa fentin mai na yau da kullum. Na biyu ya ce Naira miliyan 54, zai kankare ƙarfen da feshi har ya fito fes, ya yi amfani da tsarin da aka yi domin bakin teku. Idan aikin na farko ya yi shekara 3, na biyu ya yi shekara 12, to na farkon ya ci Naira miliyan 10 a kowace shekara, na biyun kuwa Naira miliyan 4.5.

Wani zai ce ai kuɗin yau sun fi na gobe daraja, musamman a ƙasar da Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100 a ƙarshen 2024, don haka gara a biya kaɗan yanzu a juya sauran a kasuwa. Maganar tana da kamshin gaskiya, amma ta manta abubuwa uku. Farashin fenti da na ƙwadago su ma ba su tsaya suna jira ba, don haka miliyan 30 ta bana ba za ta yi aikin ba nan da shekara uku. Kowane zagaye na fenti kuma yana nufin a kwashe kaya, a zubar da tanki, a tsayar da aiki na makonni. Na uku, ƙarfen da tsatsa ta cinye ba ya dawowa, kuma ranar da ginshiƙi ko gindin tanki ya hude, magana ta bar hannun mai fenti ta koma ta mai walda, ko ma ta sayen sabo.

Zaɓen ɗan kwangila

Mai fentin gidaje, komai gwanintarsa, sana'arsa dabam ce da ta mai fentin ƙarafan masana'antu. Kafin a yi maganar kuɗi da kowa, ya kamata a bincika rajistar kamfaninsa a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, wadda ke da shafin bincike a intanet, a tabbata sunan da ke kan takardar farashi shi ne ke kan rajista, shi ne kuma ke kan asusun bankin da za a tura wa kuɗi. A nemi takardar shaidar biyan haraji, da shaidar cewa yana biyan kuɗin asusun diyyar ma'aikata na NSITF, da takardun inshorarsa.

Bayan takardu sai gani da ido. A ce ya nuna aikin da ya yi shekara uku ko huɗu da suka wuce a wuri mai irin wannan yanayi, a je a duba, a kuma yi magana da mai wurin ba a gabansa ba. Aikin da aka gama jiya ba ya shaidar komai, domin kowane sabon fenti yana da kyau. A duba kusurwoyi da wuraren walda da kawunan kusoshi, nan ne tsatsa ke fara ɓullowa. Sa'an nan a ziyarci wurin ajiyar kayan aikinsa a ga ko yana da injin iska, da tukunyar feshin kankara, da injin feshin fenti, da na'urorin auna kauri da laima. Wanda ya ce shi da ido yake gane kaurin fenti, to ya riga ya ba da amsa.

Har ila yau, kada a bar kowane ɗan kwangila ya kawo farashi bisa nasa tsari. Mai wurin ne zai fitar da takarda guda mai bayanin aikin, ya ba mutum uku ko huɗu, kowa ya cika farashinsa a kan layuka iri ɗaya: shirya ƙarfe nawa ne kowane murabba'in mita, kowane shafi nawa ne, tsanin ƙarfen hawa nawa ne, kwashe shara nawa ne. Ta haka ne kawai za a iya kwatanta su. Idan wani ya faɗo ƙasa da sauran nesa ba kusa ba, a tambaye shi wane layi ya rage.

Shirya ƙarfe

Masana sun daɗe da yin ittifaƙi cewa mafi yawan lalacewar fenti da wuri daga rashin shirya ƙarfen take tasowa. Shi ne kuma ɓangaren da ya fi cin lokaci da kuɗi, don haka shi ne wurin da marar amana ke fara ragewa. Kalmar "a goge sosai" ba ta da wani amfani a yarjejeniya. Ƙa'idar ISO 8501-1 ta zo da hotuna da matakai: St 2 da St 3 na gogewa da hannu ko da injin gurza, sai Sa 2, Sa 2½ da Sa 3 na kankarewa da feshin ɓarɓashi mai ƙarfin iska. Ga yawancin tsare-tsaren bakin teku, Sa 2½ ake nema, inda ƙarfen zai fito kusan fari, babu tsohon fenti, babu tsatsa, sai ɗan dabbare-dabbaren da ba su taka kara sun karya ba.

A rubuta kuma cewa za a wanke mai da giris kafin a fara feshin, a wanke gishiri da ruwan daɗi, a kuma gwada yawan gishirin da ya rage a jikin ƙarfen. Gishirin da aka rufe da fenti yakan jawo ruwa ta cikin fentin, ya tayar da ƙuraje, su fashe, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ambaci kaushin da ake so feshin ya bari domin fenti ya sami abin kamawa, wanda yawanci yakan kasance tsakanin maikiron 50 zuwa 75, ko abin da takardar bayanin fentin ta ce. Ƙarfen da aka kankare kuma ba ya kwana tsirara. Ana so a yi masa shafin farko cikin sa'o'i kaɗan, yawanci ba a wuce huɗu, in kuwa ya sauya launi kafin nan, sai a sake kankare shi bisa kuɗin ɗan kwangila.

Fenti da kaurinsa

Yarjejeniya ta ambaci sunan kamfanin da ya yi fentin, da sunan kowane fenti, da kaurin kowane shafi bayan ya bushe. Tsarin da aka fi amfani da shi a kan ƙarfen waje a bakin teku shafi uku ne: na farko ifoksi mai yawan tutiya, wanda tutiyar ke ruɓewa a madadin ƙarfen, na biyu ifoksi mai kauri da ke tare ruwa, na uku foliyuritan da ke jure rana, domin ifoksi idan rana ta dake shi yakan yi gari-gari kamar alli. Jimillar kaurin irin wannan tsari a matakin C5 yakan kasance tsakanin maikiron 260 zuwa 320, gwargwadon shekarun da ake nema. Dukkan shafukan su fito daga kamfani ɗaya, in ba haka ba idan matsala ta taso kowane kamfani zai ɗora wa ɗan'uwansa laifi. Kowane shafi kuma ya zo da launi dabam, ta yadda ko wanda bai san aikin ba zai gane inda aka tsallake.

Game da awo, ƙa'idar ISO 19840 ta ce matsakaicin dukkan awon da aka yi kada ya gaza kaurin da aka rubuta, kada wani awo guda ya gaza kashi 80 cikin 100 na wannan kauri, waɗanda suka faɗa tsakanin kashi 80 da cikakken kaurin kuma kada su wuce ɗaya cikin biyar. Jimla guda da ta ambaci wannan ƙa'ida ta isa ta kashe gardama mai yawa. A ƙara da cewa za a bi kusurwoyi da layukan walda da kusoshi da buroshi kafin feshi, saboda fenti yakan janye daga kaifin ƙarfe ya bar shi da ɗan siririn shafi.

Akwai wani lissafi mai sauƙi da kowane ɗan kasuwa zai iya yi da kansa. Kowace takardar bayanin fenti tana faɗin kason da ke zama a jikin ƙarfe bayan ruwan cikinsa ya tashi. A ninka wannan kaso sau 10, a raba da kaurin da ake so, sai a sami murabba'in mitar da lita ɗaya za ta rufe. Alal misali, fenti mai kashi 70 cikin 100, idan ana son maikiron 125, lita ɗaya za ta rufe murabba'in mita 5.6. Aikin murabba'in mita 2,000 ke nan zai ci lita 357 a kan takarda, in kuwa aka yi la'akari da cewa kusan kashi 30 cikin 100 na iya bin iska wajen feshi, ana maganar kimanin lita 510. Ɗan kwangilar da ya kawo lita 250 ya ce ya gama, ko dai ya tsinka fentin da tina, ko kuwa shafin bai kai kauri ba. Don haka a rubuta cewa gwangwanayen za su iso a rufe da hatiminsu, za a rubuta lambar rukuninsu da ranar ƙarewar wa'adinsu, ba kuma za a fitar da fankon gwangwani daga harabar ba sai an ƙirga.

Yanayi da lokacin aiki

Ƙa'idar da masu sana'ar suka saba da ita ita ce, ba a fenti idan laimar iska ta haura kashi 85 cikin 100, ko idan zafin ƙarfen bai ɗara ma'aunin da raɓa ke sauka da digiri 3 ba. A Legas da Fatakwal wannan yana nufin sau da yawa ba za a fara da sassafe ba, kuma a tsakiyar damina, musamman watannin Yuni da Yuli, ana iya yin kwanaki ba a taɓa aiki ba. Wanda ya ba da kwangila a wannan lokaci ya kuma matsa lamba a gama cikin mako biyu, shi da kansa ya umarci a yi masa fenti a kan danshi. Watannin rani daga Nuwamba zuwa Maris sun fi dacewa, ko da yake ƙurar hunturu ita ma tana zama a kan ɗanyen fenti, a Arewa ma abin ya fi tsanani. Yarjejeniya ta tilasta wa ɗan kwangila riƙe littafin da zai rubuta laima da zafi aƙalla sau uku a yini, ta kuma fayyace cewa ranakun da yanayi ya hana aiki, idan littafin ya tabbatar, ba za a ƙirga su a cikin jinkiri ba.

Mai duba aiki da biyan kuɗi

Dukkan alƙaluman nan ba su da amfani idan babu mai auna su. Ga babban aiki, ya dace mai wurin ya ɗauki mai duba aiki nasa na kansa, wanda ba ya karɓar albashi daga ɗan kwangila, mai takardar shaida daga ƙungiya irin AMPP, wadda aka kafa a 2021 bayan haɗewar NACE da SSPC, ko FROSIO ta ƙasar Norway. Manyan kamfanonin fenti ma sukan turo wakilinsu na fasaha idan cinikin yana da yawa. A rubuta wuraren tsayawa: bayan kankarewa, bayan shafin farko, bayan na biyu, da bayan na ƙarshe. Ba za a wuce kowanne ba sai mai duba aiki ya sa hannu, duk abin da aka rufe ba tare da sa hannunsa ba kuma za a kankare shi a sake. Yana da kyau kuma a ware ɗan wuri a yi masa aikin gwaji a gaban kowa, har da wakilin kamfanin fenti. Idan daga baya aikin ya lalace amma wurin gwajin yana nan lafiya, an san laifin na hannu ne. Idan kuwa har da shi ya lalace, sai a tuhumi fentin ko tsarin da aka zaɓa.

Biyan kuɗi ya bi waɗannan matakai. Game da kafin alƙalami, ɗan kasuwa zai iya koyi da tsarin gwamnati. Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta taƙaita shi ga kashi 15 cikin 100, Dokar Kuɗi ta 2020 ta ɗaga shi zuwa kashi 30 ga 'yan kwangilar cikin gida, kuma ba a bayar da shi sai da takardar lamuni daga banki ko kamfanin inshora. Dokar ba ta hau kan ciniki tsakanin 'yan kasuwa ba, amma hikimarta ta hau. Wanda ya ba da kashi 70 tun kafin a kafa tsani, shi ne zai koma yana roƙo. A ƙarshe kuma a riƙe kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na kuɗin, a saki rabi ranar miƙa aiki, sauran rabin sai bayan wata 12, wato bayan aikin ya sha cikakkiyar damina.

Canjin Naira da haraji

Yawancin sinadaran da ake haɗa fentin masana'antu da su daga waje ake shigo da su, wasu fentocin ma a haɗe suke zuwa. Bayan da Babban Banki ya saki farashin Naira a watan Yuni na 2023, Dala ta tashi daga kimanin Naira 460 a kasuwar hukuma ta haura Naira 1,500 a cikin 2024, kuma 'yan kwangilar da suka ba da tsayayyen farashi kafin nan sun ga ta kansu. Ɗan kwangilar da farashi ya ci wa riba, in bai gudu ba, to a cikin kaurin fentin zai nemi fansa. Hanyoyi biyu ake bi. Ko dai a sayi dukkan fentin tun farko da kuɗin kafin alƙalami, a ajiye a harabar mai wurin da sunansa, ko kuwa a rubuta cewa kuɗin ƙwadago tsayayye ne, na fenti kuma zai bi jerin farashin kamfanin da ya yi shi a ranar saye. Idan mai wurin ne zai sayi fentin da kansa, ya sa ɗan kwangila ya amince da shi a rubuce, don kada ya zama masa mafaka gobe.

A fayyace kuma ko farashin ya haɗa da harajin VAT, wanda yake kashi 7.5 cikin 100 tun watan Fabrairu na 2020, a kuma ambaci harajin da mai biya ke cirewa tun daga tushe ya miƙa wa hukuma. An sauya ƙa'idojin wannan haraji a 2024, an kuma sa hannu a kan sabbin dokokin haraji a watan Yuni na 2025, waɗanda aka tsayar da 1 ga Janairu, 2026 a matsayin ranar fara aikinsu, don haka akanta ne zai faɗi adadin da ya hau kan kwangilar kafin a sa hannu. A biya harajin hatimi a kan takardar ita ma.

Rayukan ma'aikata

Wannan sana'a tana da haɗari. Ana aiki a bisa, ana shaƙar ƙura, tururin tina kuma yana kama wuta, a cikin rufaffen tanki ma yana iya sumar da mutum ko ya fashe. Yarjejeniya ta hana shiga tanki sai an gwada iskar ciki, an sa injin fitar da tururi, an kuma tsayar da mutum a bakin ƙofa. Ta hana feshi da yashin rafi ko na bakin teku, domin ƙurarsa tana jawo ciwon huhu marar magani, na teku kuma ga gishiri. Akwai madadinsa, kamar dutsen ganet da ɓarɓashin ƙarfe. Tsofaffin ƙarafa da yawa an yi musu shafin farko da jan fenti mai dalma, kankare shi kuwa yana watsa gubar cikin iska da ƙasa. Ƙasar da ta ga yadda ƙurar dalma daga haƙar zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba ta bukatar a yi mata dogon bayani. A gwada tsohon fentin kafin a fara, a killace wurin, a kwashe sharar bisa ƙa'idojin hukumar muhalli. Cikin tankin ruwan sha ko na man girki ko rumbun hatsi kuwa, sai fentin da ke da shaidar dacewa da abinci.

Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashinsu a asusun NSITF. Bugu da ƙari, a nemi inshorar da za ta biya ɓarnar da aikin ya yi wa wasu, domin iska tana ɗaukar feshin fenti ta sauke shi a kan motoci da kayan maƙwabta.

Garanti, jinkiri da saɓani

Garantin da ya ce "aikin zai yi ƙarko" bai ce komai ba. A rubuta shekarunsa, a kuma rubuta abin da ake kira lalacewa. Ƙa'idar ISO 4628-3 ta ba da ma'auni, inda matakin Ri 3 ke nufin tsatsa ta ɓullo a kashi 1 cikin 100 na faɗin wurin. A ambaci kumburi da tsagewa da ɓarewa, a faɗi wanda zai biya kuɗin tsani da fenti idan za a gyara, a kuma ware abin da garantin bai rufe ba, kamar bugun mota ko walda da aka yi daga baya. Garanti daga kamfanin da ba shi da kadara takarda ce kawai, shi ya sa kuɗin da aka riƙe da lamunin banki suka fi shi nauyi.

Tarar jinkiri ta zama adadi sananne a kowane mako, mai iyaka, wanda ya yi daidai da asarar da ake hasashe, domin kotu ba ta tilasta biyan adadin da ta ga an sa shi don azabtarwa ne kawai. Duk wani ƙarin aiki ko sauyi a yi shi a rubuce tare da farashinsa kafin a fara. Kada a yarda ɗan kwangila ya miƙa aikin ga wani sai da izini a rubuce. Idan saɓani ya taso, a tanadi matakin sasantawa kafin kotu. Dokar Sulhu da Shiga Tsakani ta 2023 ta ba da dama ga haka, a Legas kuma akwai cibiyar sasanta rigingimu da ke haɗe da Babbar Kotun Jiha tun 2002.

Mun saba da ciniki na amana, inda baki ya isa, kuma wani zai ga kamar kawo wa mutum takarda mai shafi goma zargi ne. Ɗan kwangila na ƙwarai kuwa shi ya fi kowa son irin wannan takarda, domin ita ce ke raba shi da mai karya farashi, ita ce kuma ke tabbatar masa da kuɗinsa idan ya cika awo. Kuɗin lauya da na mai duba aiki ƙalilan ne idan aka gwada su da kuɗin sake aikin. Dukkan wannan shiri kuma kafin sa hannu ake yin sa, domin ba a fafa gora ranar tafiya.